Gizagon Bahago a Kan Takarda

Alƙahira

Abin da ya fara tarbata a ƙasar Masar dariya ce. A wajen binciken kaya wani jami'i mai gashin baki ya zuge jakata, ya ture rigunana gefe, ya zaro gizago a naɗe cikin tsohon zanen Inna. Ya kwance shi, ya ɗaga sama, ya yafuto abokan aikinsa. Suka taru suna ƙyalƙyala dariya, har ɗaya ya kama ƙotar ya yi kamar yana noma a kan siminti. Ni kuwa zuciyata a kusa take, duk garinmu Warra an san ni da haka. Na tattaro ɗan Larabcin Islamiyya da nake da shi na ce musu wannan ba fartanya ba ce, ƙarfen aikin mahaifina ne. Larabcin ma sai da ya sha tasa dariyar, wai ina magana kamar liman a kan mumbari. Sun dai miƙo mini abuna, na sake naɗe shi da kaina don ban yarda da naɗinsu ba.

Gara in faɗi ko wane irin gizago ne tun yanzu, domin duk wahalar da na sha a kansa ta rataya. Mu gidan masassaƙan jirgi ne. Kakana a tsibiri ya zauna, tsakiyar gulbi, kafin a datse ruwa a Kainji ya shanye garinsu. Ranar da aka kwaso su zuwa tudu wasu sun ɗauko tukwane, wasu ƙyaure, shi kuwa gizagon nan ya rataya a kafaɗa. Bakinsa a lanƙwashe yake kamar cokali don rarake cikin gungume, kuma ya ɗan karkata gefe guda, saboda kakana bahago ne, Baba ma bahago. Ƙotar ta lotsa daidai inda tafin hannunsu na hagu ya yi shekaru yana zama. Ni da dama nake komai nawa, amma in dai gizagon nan ne, da hagu Baba ya koya mini, kuma da ranƙwashi. Kowace Juma'a kafin masallaci yakan lakato man kaɗe ya bi bakin ƙarfen da ƙotar da babban yatsa. Tun da na yi wayo ban ga Juma'ar da ya tsallake ba.

Jirgin gungume ya daina ciniki, kowa ya koma na katako da ƙusa. Ni na yi kwalejin ilimi na karanta zane da sassaƙa, na dawo ina fafe kifaye da tsuntsaye a itace, ba mai saye sai jefi-jefi. Da wani ejan mai suna Sale ya yi mini tayin aikin sassaƙa ƙofofi a Masar, a lokacin idon Baba ya soma yin yana, ganinsa na raguwa, sai ya miƙo mini gizagon.

Ya ce, "Ɗan gidanga ba ya tahiya aiki da ƙarfen wani. Amma aro na ba ka, Manu, ba kyauta ba. Gungumen maɗacin can na jiran ka. Ni in ja layi, kai ka sara."

Gungumen nan ya daɗe kwance a bayan gidanmu. Kowa ya san shi ne jirgin Baba na ƙarshe.

Sale ya tarbe ni da runguma kamar ɗan ɗakinsu. Ya ajiye ni a wani ɗaki can saman bene tare da ɗalibai 'yan ƙasarmu, ya ce gobe za mu wuce garin da zan yi aiki. Goben nan ta yi makonni ba ta zo ba. Safe wake da gurasa, rana wake da gurasa, kai, har na fara jin haushin wake. Wata rana na taka zuwa bakin kogin Nilu don in ga ruwa in ji sanyi a raina. Na tarar an yi masa katanga hagu da dama, ba gaɓar da mutum zai sauka ya tsoma ƙafa, ba mata masu wanki, ba warin kifi. Na tsaya a kan gada na kira Inna, ta ce an yi miyar kifin ragon ruwa yau, ta tuna da ni. Na ce mata layi ba kyau, na kashe, don kada ta ji muryata ta canza.

Dumyat

Dumyat garin kafintoci ne. Ko'ina ka juya ƙarar zarto, ko'ina kujeru da gadaje jibge a bakin titi, ƙurar katako har cikin shayi. Da na shaƙi ƙanshin itace na ce alhamdu lillahi, na zo gida. Ashe ban san komai ba.

Maigidan da Sale ya danƙa ni gare shi ana ce masa Mu'allim Rajab, ƙato ne mai fara'a, carbi ba ya barin hannunsa. Ya zagaya da ni wurin aiki, ya nuna mini wanda ke sassaƙa ƙofofin da aka ce na zo yi. Inji ne! Ana danna masa kwamfuta, yana ta fitar da furanni a jikin katako, kowanne kamar ɗan'uwansa. Aikina shi ne in zauna a ƙarƙashin bene da sanfefa in goge abin da injin ya tofo. Na juya in nemi Sale, Sale ya riga ya kama hanyar Alƙahira. Daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Mu'allim Rajab ya ce in kawo fasfo ya adana mini, garin akwai ɓarayi. Da ya ga gizagon ya juya shi ya sake juyawa, ya ce masha Allah, wannan ai ba abin ajiyewa ƙarƙashin katifa ba ne. Ya sa su duka biyun a kabad ɗin ofishinsa, ya kulle, ya dafa ƙirji ya ce, "Amana."

Juma'ar farko na je da ɗan gwangwanin man kaɗen da Inna ta sa mini a kaya, ya buɗe, na shafa, yana kallo yana murmushi. Haka ta biyu da ta uku. Daga nan sai mabuɗi ya fara zama a gida. Yau ya manta, wani makon yana aljihun ɗayar rigar, wani makon shi kansa ba ya nan. Kuma kowace Juma'a Inna takan kara wa Baba waya a kunne, tambayarsa ba ta canzawa.

"Ka shafa mishi mai?"

Na ce, "Baba, maigida ya kulle shi a kabad, ban samu ba."

Ya ce, "Ƙarfen nan bai saba da ɗaki ba. Ka amso shi."

A ƙarƙashin benen nan mu biyu ne, ni da wani dattijo baƙi siriri mai suna Haruna. Kwanakin farko da Larabci muke gaisawa. Wata rana sanfefa ta ci mini yatsa na ce, "Wash, Allah!" sai na ji ya ce, "Sannu, ɗan'uwa." Na kusa faɗowa daga benci. Ashe Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun tashi aikin Hajji a ƙafa suka yada zango a can ba su ƙara gaba ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, wadda ko Inna ta daina yi. Shi ya koya mini ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, shi yake raba mini albasarsa da cukunsa. In tari ya sarƙe ni yakan buga mini baya yana cewa, "Yi haƙuri, ɗan gulbi."

Haruna ne ya gaya mini. Wata safiya ya ja ni bayan tarin katako, ya ƙi haɗa ido da ni.

Ya ce, "Abin nan naka ba ya cikin kabad. Na ga wani mai sayen tsofaffin kaya daga Iskandariya ya fita da shi a leda. An kwana biyu. Na rasa bakin gaya maka."

Ban san lokacin da na haye benen ba. Na tarar da Mu'allim Rajab yana shan shayi da baƙi, na ce ya buɗe kabad. Ya ce in koma aiki. Na ɗauki guduma a kan teburi na ce wallahi ko ya buɗe ko in buɗe. Baƙin suka miƙe. Ya buɗe, yana ta salati wai an kawo masa mahaukaci. Fasfona na nan, tsohon zanen Inna na nan a ninke, ba komai a cikinsa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wane ƙarfe, ai tsatsa ce, shi ya ɗauka shara ce. Ya wurgo mini fasfo a ƙasa ya ce in bar masa gida. Haruna ne ya riƙe mini hannu ta baya, da ban san abin da zan aikata ba. Ya raka ni tasha, ya gaya mini sunan unguwar masu tsofaffin kaya, ya cusa mini gurasa a aljihu. Ban sake ganinsa ba, Allah ya saka masa.

Iskandariya

Na iso da sanyi da ruwan sama, tekun yana ta dukan katanga. Unguwar da Haruna ya faɗa lunguna ne cike da agogunan da suka mutu, fitilu, kujerun turawan da, kwanukan tagulla. Na bi shago shago ina kwatanta gizago da hannu. Wasu su kore ni, wasu su fito mini da gatari. Kwana na yi ta yi a barandar wani masallaci, mai gadin yana yi kamar bai gan ni ba.

Daga ƙarshe na samu shagon. Mai shi bai ɓoye ba, don shi a ganinsa ciniki ya yi. Ya ce, i, ƙarfen Afirka mai karkataccen baki, abu mai kyau. Wani Bature da ya sauko daga jirgin masu yawon buɗe ido ya saya. Wace ƙasa? Ya watsa hannuwa. Sunansa fa? Ya yi dariya, ya nuna mini teku da haɓa.

Na fito na zauna a dokin ƙofar shagon. Ni da ko a jana'iza ba a cika ganin hawayena ba, na kifa kai a gwiwa na yi kuka kamar an aiko mini da mutuwa. Mutane na wucewa suna kewaye ni.

"Mai shi bahago ne."

Na ɗago. Wani tsoho ne a kan kujerar mai shayi, gajere mai faɗin kafaɗa, da farar suma da ƙaramin zanen gicciye irin na Kiristocin Masar a wuyan hannu. Ya yi maganar a hankali don in gane.

Ya ce, "Na riƙe shi kafin a sayar. Da dama ya ƙi zama a hannuna, da na mayar hagu ya kwanta. Naka ne?"

Na ce, "Na babana ne. Aro ya ba ni."

Ya sa aka kawo mini shayi mai zafi, ya jira na shanye, ya ce yana neman mai ƙarfin da zai matsar masa da duwatsu.

Sunansa Ammu Jirjis, wato Baffa Jirjis. Masassaƙin dutse ne tun yana saurayi, har kafaɗarsa ta dama ta ƙi, guduma ta gagare shi. Wurin aikinsa tsohon gareji ne, cike da duwatsun da ya fara bai gama ba. Ya ba ni katifa a kusurwa, ina shara, ina ture dutse, ina yi masa cefane. Bai taɓa tambayar fasfona ba. In lokacin salla ya yi shi ke nuna mini agogo.

A ranar da na haɗu da shi na kira Inna na gaya mata komai. Ta yi salati, ta ce, "Kada ka kuskura ka faɗa mishi a waya. Wagga magana ba ta waya ba ce. Ka zo ka durƙusa ka faɗa da bakinka." Daga nan in Juma'a ta zo sai ta ce wa Baba wayata ba ta shiga. Ni kuma in wuni ranar kamar marar lafiya, gwangwanin man kaɗe a aljihuna.

Abin da Ammu Jirjis yake yi tun da dutse ya gagare shi, zane ne a takarda. To, wai zane. Zai wanke hannu da sabulu kamar mai shirin tiyata, ya goge, ya ɗauko farar takarda ta gefe-gefe, ya shimfiɗa. Ya zauna ya zuba mata ido har shayinsa ya huce. Can sai ya ja layi ɗaya, wani lokaci biyu, ya ajiye fensir. An gama ke nan! Bangon garejin duk irin su ne, fili fetal da ɗan layi a tsakiya ko a gefe. Kuma mutane masu tabarau suna zuwa su tsaya gabansu suna gyaɗa kai.

Ni bakina ba ya shiru. Na ce, "Ammu, a garinmu yaro ɗan aji ɗaya ya kai wa malam wannan, bulala zai sha. Ina sauran?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Da ina cire dutse har abin da nake nema ya fito. Yanzu a cikin kaina nake cirewa, ɗan abin da ya rage shi nake sawa." Ya nuna mini wani layi da ya gangaro ya lanƙwasa. "Matata ce, tana leƙen taga. Ta rasu."

Na duba, na sake dubawa. Na ce Allah ya ba shi haƙuri, amma ni dai layi nake gani.

Sau ɗaya ya taɓa yi mini tsawa. Na ci ƙosansu na wake, na ɗauke masa wata takarda daga teburi don in goge ƙura, babban yatsana ya bar tabo a gefe. Tsohon nan ya tashi kamar zai doke ni. Ya ce maiƙo ba ya fita daga takarda har abada, yana ci yana yaɗuwa, duk abin da ke kai ya lalace. Ya yaga ta a gabana. Na yi fushi na kwana biyu ban yi masa magana ba, amma daga ranar ban sake taɓa takarda ban wanke hannu ba.

Shi ya ce in zana gizagon. Ya ce in akwai maƙeri a ƙasarmu, a ba shi siffa daidai girmansa ya gwada. Na ji maganar ta shige ni, don akwai tsofaffin maƙera a Yelwa da suka san ƙarfen jirgi. Na ce yau zan nuna wa tsohon nan abin da ake kira zane. Na zauna na yi irin wanda aka koya mana a kwaleji, da inuwa, da hasken ƙarfe, da jijiyoyin itace, ban bar komai ba. Na wuni a kai. Na kai masa ina taƙama.

Ya duba ya ce, "Kyakkyawa. Gizagon kowa ne."

"Kamar yaya na kowa?"

"Ba shi na riƙe ba."

Kai, ranar na zage shi da Hausa, Allah ya yafe mini, shi kuwa yana ta kurɓar shayi. Abin da ya fi ƙona mini rai, gaskiya ya faɗa. Na yi wani, na yi wani. Kullum sai ya fito kamar hoton littafin firamare. Tsoro ya kama ni, domin da na rufe ido in gan shi sai in ga ya fara dushewa. Na rasa ƙarfen, ga shi kamanninsa ma suna neman kuɓuce mini.

Wata safiyar Juma'a ina zaune gaban takarda, na rasa abin yi, na buɗe gwangwanin man kaɗe na shinshina. Sai ga Baba a idona, a bakin ruwa, yana zagaya gungume. Haka yake yi kafin a fara jirgi: ya zagaya, ya shafa, ya zagaya, har masu taya aiki su gaji su zauna. Sannan ya ɗauki gawayi da hagu, ya dafa a goshin gungumen, ya taka da baya har wutsiya bai ɗaga hannu ba. Ba ya zana jirgi. Inda ƙarfe zai sauka kawai yake ja, kuma ba ya gogewa, don ya ce itacen da aka sara ba ya komawa.

Na rufe gwangwanin, na je na wanke hannu. Na mayar da fensir hagu. Ban yi ƙoƙarin ganin gizagon ba, hannuna na bari ya riƙe shi. Na fara daga gindin ƙota, na hau, na faɗa cikin lotsawar nan ta tafin hannu, na fito, na kai wuya, na karya zuwa baki. Kafin in kai ƙarshe takardar ta yage, fensir ya shiga katakon teburi. Na ɗauko wata, ita ma ta yage. Hannun hagu nawa sara kawai ya sani, bai san lallashi ba.

Ammu Jirjis na tsaye a bayana ban sani ba. Ya ce, "Kai ba zane kake ba, sassaƙa kake." Ya shiga ciki ya buɗe akwatin da ban taɓa ganin ya buɗe wa kowa ba, ya fito da takarda guda, babba, mai kauri kamar kwali, wadda aka yi da auduga. Ya ce saura kaɗan gare shi, kuma ba a samun irinta yanzu. Ya shimfiɗa mini, ya koma gefe.

Na daɗe ina kallonta. Na yi bisimilla, na ja. Takardar ta ɗauka, fensir ya nutse a cikinta ya bar kwari, na kai bakin ƙarfen na karkata shi yadda yake, na ɗaga hannu. Layi ɗaya ne, sauran duk fari.

Tsohon ya matso, ya miƙa hannun hagu a saman takardar bai taɓa ba, ya dunƙule yatsu daidai wurin lotsawar. Ya ce, "Shi ne." Da na ɗaga kai na dubi bango, wallahi sai ga matar nan tana leƙen taga, har da yadda ta sauke kafaɗa. Na ji kunya ta kama ni.

Ya so in bar masa zanen ya rataya cikin nasa, na ce ba nawa ba ne. Bai sake roƙo ba. Shi da wasu abokansa suka haɗa mini hanyar komawa. Ya yanko falanki biyu marasa nauyi ya sa takardar a tsakani, ya ɗaure da igiya. A tasha ya kama kunnena kamar yaro ya ce, "Ruwa da maiƙo. Ka kiyaye."

Warra

Falankin nan a kan cinyata ya yi tafiyar, daga jirgin sama har motar Yelwa, ina faɗa da duk kwandastan da ya ce a ɗaura shi a sama. A tashar Yelwa 'yan kabu-kabu suka yi ta tsokanata, wai mutumin Masar ya dawo da allo. Ban kula su ba. Niyyata in ga Baba, in faɗi abin da ya faru, ranar Asabar in dawo wurin maƙera.

Na isa gida ranar Alhamis da la'asar. Inna ta rungume ni tana cewa na rame, idonta kuwa yana kan abin da na riƙo. Baba yana ƙarƙashin rumfa a bayan gida, kusa da gungumen maɗaci. Idon ya rufe gaba ɗaya, ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can, ya sa mini albarka. Sannan ya miƙo hannun hagu, tafin a buɗe.

Na faɗa masa. Ban rage komai ba, tun daga kabad har teku. Hannun nan yana nan a miƙe har na gama, bai janye ba. Na rasa abin da zan sa a ciki. Na kwance igiya, na ɗora masa takardar a cinya, na ce, "Baba, siffarsa ce na zana, don maƙera. Na san ba ka gani."

Ya shafa ta da tafin hannu, yatsansa ya faɗa cikin kwarin da fensir ya yi. Ya tsaya. Ya lalubo gindin layin, ya fara bi da babban yatsa a hankali. Da ya zo wurin lotsawar ya daɗe a nan. Ya wuce, ya karya wuya, ya kai baki.

Ya ce, "Da hagu ka yi shi."

"I, Baba."

"Shi wanda ya saya, bahago ne?"

"Ban sani ba, Baba."

"In ba bahago ba ne ya kula da ƙafarshi. Yana zamewa."

Na ce, "Ba sara zai yi da shi ba. Irin su a bango suke ratayewa, a riƙa kallo."

Da na san yadda fuskarsa za ta yi da ban faɗa ba. Ya juya kai wajen gungumen kamar yana ganinsa. Bai yi faɗa ba, ni kuwa na fi son ya yi, ko da ranƙwashi ne. Na miƙa hannu in karɓi takardar in mayar cikin falanki, ya dafe ta. Da ita ya shiga ɗaki.

Washegari da hantsi na fito wanka zan yi shirin masallaci, na hango shi a ƙarƙashin rumfa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Takardar na kan cinyarsa. Kusa da ƙafarsa ga kaskon man kaɗen Inna a buɗe. Ya lakato da babban yatsa, ya lalubo gindin layin.

Na buɗe baki zan hana shi. Muryar Ammu Jirjis har cikin kunnena tana cewa in kiyayi maiƙo, ga maƙeran Yelwa da nake shirin kai wa gobe, ga shi ba ni da wata takardar, kuma ban san ko hannuna zai sake ba ni layin nan ba. Inna tana bakin madafa, ta dube ni ta girgiza kai.

Na ajiye bokiti na zo na tsuguna a gabansa. Yatsan ya hau ƙota, ya shiga lotsawar, ya fito. Man yana bin kwarin yana yaɗuwa hagu da dama, farar takardar tana yin duhu, baƙin fensir yana narkewa a ciki. Da ya kai wuya man ya ƙare a yatsansa. Ya laluba ƙasa yana neman kaskon bai same shi ba.

Na ɗauka na miƙa masa.